Ƙarshen Fim a Bakin Mabel

Duk macen da ta taɓa yin kitso a bayan kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ta san shagon Anti Mabel, kuma in za ta faɗi gaskiya, ba kitson kaɗai ke kai ta ba. Makitsa dai ga su nan a kowace unguwa, wasu ma sun fi ta saurin hannu. Abin da babu a ko'ina shi ne bakin Mabel.

'Yar Zonkwa ce ta asali. Tana da shekara tara mahaifinta, Malam Henry, ya samu aikin akawu a garin, ya kwaso su gaba ɗaya. A nan ta yi makaranta, a nan ta koyi kitso wajen wata maƙwabciyarsu da kowa ke kira Gwaggo, a nan harshenta ya juye ya zama na Katsinawa tsantsa. In ba ka gan ta ranar Lahadi da Littafi a hammata za ta coci ba, sai ka rantse 'yar cikin gari ce tun kaka da kakanni. Shagon nata ba wani abin a zo a gani ba ne: benci biyu, kujera 'yar tsugunne, madubi mai tsaga a gefe, sai talabijin a kan kanta.

To wannan talabijin ita ce kasuwar. Mabel na sa fina-finan kudu, na Turanci, matan da ke zuwa kuwa yawancinsu Turancinsu bai wuce na gaisuwa ba. Sai ta tsaya a bayan kan da take kitsawa, tsinke a hannu, ido a kan talabijin, tana juya musu maganar zuwa Hausa. Fassara ce, amma irin tata. In saurayi da budurwa suka shige ɗaki, sai ta danna ta wuce wurin, ta ce, "An ɗaura musu aure jiya, ba a nuna ba ne." In uwar miji ta yi zagi na kalma uku, a bakin Mabel sai ya kai ashirin, har da tonon asiri. Mata su yi ta dariya har ɗankwali ya zame. In kuma aka ɗauke wuta ana tsaka da kallo, abin da ba ya wuyar faruwa, sai ka ji baki ya haɗu: "Anti, ƙarasa mana!" Ita kuma ta ƙarasa musu da ka, don ba ta sa fim sai ta riga ta kalle shi. Abu ɗaya ne ba ta yi. Tsakiyar labari tana yi mata kwaskwarima yadda ta ga dama, amma ƙarshe amana ne. Wanda ya mutu ya mutu, wanda ya yi aure ya yi aure, kuma matan sun san haka, shi ya sa ba mai tuhumar ta.

Ba ta taɓa aure ba, kuma ba a yi mata zancen. Tsofaffin kwastomominta sun san dalili. Lokacin da ake gine-ginen jami'a wani mai haɗa wutar lantarki ya zo garin, sunansa Dickson. Suka daidaita, manya suka shiga, aka yi shelar aurensu a coci sau biyu, saura ta uku. Ya ce zai je Fatakwal ya taho da danginsa, sati biyu kacal. Wayarsa ta yi ta ringi ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Bayan shekara guda wata 'yar zumuntar matan cocinsu ta nuna mata hoton bikinsa da wata a waya. Washegari Mabel ta buɗe shago ƙarfe takwas kamar kullum, kuma daga ranar sunansa bai sake fita daga bakinta ba. Amma fa ciki bai yi shiru ba. Shekara goma sha ɗaya tana kitsa kan mutane tana kitsa maganar da za ta faɗa masa ranar da ya dawo, tana cire wannan kalma tana sa waccan, har maganar ta yi santsi. Shi kuwa bai dawo ba, ko a mafarki.

Aminiyarta a duniya ita ce Rahmatu, 'yar Alhaji Rabe mai hatsi na Kurfi. Tun tana amarya aka kawo ta Dutsin-Ma gidan Jamaluddeen, mai safarar shanu zuwa kudu, kuma Mabel ce ta yi mata kitson farko bayan biki. Shekara tara ke nan. Naman layya na zuwa gidan Mabel, shinkafar Kirsimeti na zuwa gidan Rahmatu. Rahmatu na ce mata Yaya, 'yarta Mubina kuwa a cinyar Mabel aka fara kama mata gashi.

Auren ya mutu ne a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mahaifiyar Rahmatu ta kwanta asibiti a Katsina, Jamaluddeen ya ba ta kwana uku ta je jinya, ta yi tara, don tsohuwar ba ta ko iya juyawa. Ran na goma takarda ta same ta a bakin gadon uwarta, saki ɗaya. Kowa ya ce fushi ne, zai mayar da ita kafin idda ta cika. Ina! Girman kai ya hana shi, yana jira a zo a ba shi haƙuri, har iddar ta ƙare. Rahmatu ta zauna a Kurfi da 'yarta, ta yi kuka har ta gaji, sannan ta kama sana'ar gyaran wake tana aunarwa. Duk Laraba biyu takan biyo motar hatsin gidansu ta zo Dutsin-Ma, ita da Mubina, a yi musu kitso.

Wata Laraba, wata takwas bayan sakin, Rahmatu ta zauna a kujera ta ja zanen Mabel ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, ya aiko. Wai kome yake so. Baba ya ce ran Juma'a za su zo su ji daga bakina."

"To me kika ce?"

"Ban ce komai ba. Wallahi zuciyata biyu ce."

Mabel ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta raba gashin, ta kunna talabijin. Shagon a cike yake ranar. Ga Batula mai awara da ta bar wa ƙanwarta kasko ta zo, ga Zinariya, wata amaryar bara, ga Gwaggo, wadda ido ya yi wa rauni ta daina kitso, amma ba ta fashin zuwa sauraren bakin ɗalibarta.

Fim ɗin na wata tela ce mai suna Linda. Saura sati ɗaya bikinta angon ya gudu ya bar ta da ɗinkakkiyar riga. Ta kwanta ciwo, ta rame, ta koma ƙauye wajen kakarta, ta yi watanni ba ta ko kallon keken ɗinki. A hankali ta fara yi wa yaran ƙauyen facin kaya, ta dawo gari, ta buɗe shagonta, ranar da ta fara dariya har Batula sai da ta share ido da gefen mayafi.

"Allah ya isa tsakaninta da shi," in ji Batula.

"Yo namiji ai ba ɗan goyo ba ne," in ji Gwaggo. "Mu da muka ga jiya mun faɗa mun gaji."

Can sai ga mutumin ya dawo. Ya zo ƙofar shagon Linda, ya zube a kan gwiwoyinsa, jama'a na kallo. Linda ta fito da almakashi a hannu, ta tsaya a kansa, ta buɗe baki. Ɗif! Aka ɗauke wuta.

Shagon ya kaure da salati da tsaki. "Anti, ƙarasa mana! Don girman Allah ƙarasa mana!"

Mabel ta san ƙarshen sarai, sau huɗu ta kalle shi ita kaɗai bayan an taso daga coci. Linda ta yi shiru ne, ta fashe da kuka, ta kamo hannunsa ta tashe shi, aka yi biki, aka watse. Abin da Mabel ta buɗe baki za ta faɗa ke nan. Har yau ba ta san yadda aka yi ba, amma abin da ya fito daban ne, kuma ya fito ne a tsare, ba tuntuɓe ko ɗaya.

"Sai ta dube shi ta ce: ranar da ka tafi na ɗauka mutuwa zan yi. Na jira mutuwar, ba ta zo ba. Ashe tuwon da nake tuƙawa ko ba kai yana ciyuwa, ashe gari na wayewa. Wadda ka bari ba ta nan, ni kuma ban san ka ba. Tashi ka kaɗe gwiwarka, ka koma inda ka fito."

Sai Batula ta rangaɗa guɗa, har masu awon gero a waje suka leƙo.

"Ido da ido ta faɗa masa?" in ji Gwaggo. "Kai! Wannan 'ya ta haifu."

"Ni dai ban ga abin guɗa ba," in ji Zinariya. "Mutum ya yi nadama a gaban jama'a, me ya rage? Taurin kai ne kawai, haka za ta tsufa ita kaɗai a shago." Tana rufe baki ta tuna a shagon wa take, ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta.

Musu ya ɓarke, masu cewa haƙuri ne maganin zaman duniya, masu cewa haƙurin ne ya kashe iyayenmu. Rahmatu kaɗai ba ta sa baki ba. Mabel dai ta ji wuyanta ya sandare a ƙarƙashin hannunta. Da hayaniyar ta lafa, sai Rahmatu ta ce a hankali, "Yaya, maimaita min abin da ta ce."

Nan ne fa. Nan ne ya kamata Mabel ta yi dariya ta ce wasa take, ga yadda abin ya ƙare. Allah ya ba ta ƙofa a buɗe. Amma daɗin maganar bai bar bakinta ba tukuna, shekara goma sha ɗaya tana riƙe da ita sai yau ta samu masu ji. Ta maimaita, kalma bayan kalma.

Kafin sati ya zagayo maganar ta cika unguwa. Yaro ya roƙi ƙarin tuwo, uwa ta ce tashi ka kaɗe gwiwarka. Mai kayan miya ya ƙi ragi, a ce masa ya kaɗe gwiwarsa. Mata suka yi ta zuwa shagon suna cewa a sa musu wurin su gani da idonsu. Mabel ta ce memorin da fim ɗin ke ciki ya lalace. Ba lalacewa ya yi ba, ita ta goge fim ɗin da hannunta tun daren Larabar.

Batula ce ta kawo labarin Kurfi, tana haki don murna. Ran Juma'a Jamaluddeen ya je da baffansa da abokai biyu. Yana tsugune a zauren Alhaji Rabe a gaban manya, aka kira Rahmatu a ji ta bakinta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta zazzage masa maganar nan tas, tun daga mutuwar da ba ta zo ba har zuwa kaɗe gwiwa. Aka ce ya miƙe idonsa jawur, ya fita bai ko yi sallama ba.

"Anti, fim ɗinki ya yi aiki!" in ji Batula.

Mabel ta ji tsinken ya kuɓuce mata. Ta sunkuya ɗauka, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Bayan sati biyu yayyen Jamaluddeen mata suka je Kurfi suka ce sun zo tafiya da Mubina, za a sa ta makaranta a gaban ubanta. Malamai sun ce 'ya mace wajen uwarta take zama, kuma da an je gaban alƙali da wuya a raba su. Amma Alhaji Rabe ya shekara talatin yana hulɗa da mahaifin Jamaluddeen, ga shi kuma a zaurensa aka tozarta ɗan mutane a gaban baffansa. Ya ce shi ba zai ƙara da kotu ba, a ba su 'yarsu. Aka haɗa wa yarinya kayanta a leda. Tun Larabar fim ɗin kuwa Rahmatu ba ta sake biyo motar hatsi ba.

Da a ce wani ya zo ya zagi Mabel, da ta samu sauƙi. Ba wanda ya zo. Yabo ma ake yi, ana cewa bakin Anti ya fi maganin asibiti. Ita kuwa abinci ya daina wuce mata. Ta fara karkata tsaga, ita da a da ko ido a rufe layinta ba ya kaucewa. Takan ce wa kanta fim ne fa, wa ke kashe aure saboda fim? Sai kuma ta tuna da wadda ta ce mata zuciyarta biyu ce, da wadda ta sa hannu ta danne ɗaya. Magana zarar bunu ce, ta san haka tun tana yarinya, ba ta dai taɓa zaton daga ɗakin aminiyarta za ta zara ba.

Wata Asabar sai ga wata gwaggon Mubina ta kawo ta kitso, ta ajiye ta ta wuce kasuwa. Gashin ya yi sati uku ba a taɓa shi ba, ya cukurkuɗe. Mabel ta zaunar da ita tana tsefewa a hankali da mai, yarinyar ba ta ce uffan ba, ita da a da surutunta ke hana jin fim. Sai da aka kusa gamawa ta ɗago.

"Anti, Ummata tana zuwa nan?"

"Ta kwana biyu ba ta zo ba, 'yar albarka."

"In ta zo ki ce mata yanzu ina shanye kokona duka, ba na ragewa. Ki ce ta zo ta tafi da ni."

Ran Litinin Mabel ba ta buɗe shago ba. Ta shiga motar Katsina ta sauka a Kurfi da hantsi. Duk hanya lissafi ɗaya take yi: Jamaluddeen bai yi wani auren ba, in Rahmatu ta ji gaskiya wataƙila ta sassauto, manya su gyara, yarinya ta koma jikin uwarta. In kuma gaskiyar ta raba ta da Rahmatu, to ta raba su, ita ta jawo.

Ta same ta a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Ta rame, amma da ta ga Mabel sai fuskarta ta washe. "Lale, lale da Yaya! Yau wace rana!" Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa da fura. Aka gaisa, aka tambayi Gwaggo da su Batula. Sannan Mabel ta isar da saƙon koko. Rahmatu ta juya fuska wajen bango, kafaɗunta na rawa, ta daɗe a haka.

"Kin san abin da ke riƙe da ni, Yaya?" ta ce da ta juyo. "Matar nan ta fim. In abin ya taso min kamar in yi hauka, sai in ce ita ma ta bi hanyar nan ta wuce. Da ita nake kwana, da ita nake tashi."

Mabel ta ajiye kofin furar.

"Rahmatu, ba haka fim ɗin ya ƙare ba. Linda ba ta faɗi ko kalma ɗaya daga ciki ba. Kuka ta yi, ta tashe shi, suka yi aure. Ƙarya na yi muku. Na goge shi ne don kar ku gani."

Hannun Rahmatu ya tsaya cak a cikin waken.

"To maganar ta wace ce?"

"Tawa ce. Ta Dickson ce. Tun da ya tafi nake ajiye da ita."

Rahmatu ta dube ta. Sai ga wani ɗan murmushi, na gajiya. "To ai da sauƙi. Ke ce ke nan. Mace mai jini a jika ai ta fi ta cikin talabijin." Ta ci gaba da tsintar waken, tana fitar da tsakuwa ɗaya, biyu. Mabel ta ji numfashinta ya fara dawowa. Sai Rahmatu ta sake ɗagowa. "Amma tsakaninki da Allah, Yaya. Da ya dawo ya durƙusa a ƙofar shagonki, da kin faɗa masa?"

Da ba ta haɗa ta da Allah ba, da Mabel ta ce ƙwarai kuwa, don ita ma haka ta ɗauka duk shekarun nan. Ta buɗe baki ta ce e, kalmar ta ƙi fita. Ta tuna layin wayarta da ta ƙi sauyawa, sau uku ana sace mata waya tana zuwa ta yi layi a rana don a dawo mata da tsohuwar lamba, tana ce wa mutane saboda kwastomomi ne. Hawaye suka zubo mata, na kunya.

"Da ban faɗa ba," ta ce. "Da ko takalmi ban tsaya sawa ba, na bi shi."

Wata kaza ta matso tana tsattsagar waken da ya zube, ba wanda ya kore ta.

"Ashe ni kaɗai ce," in ji Rahmatu.

"Ki yafe min. Ƙofa ba ta rufe ba, in kika ce a je a ba shi haƙuri, ni da kaina zan..."

"Ba zan koma ba. Kar ki ɗauka fim ne ya fitar da ni, takardar da ta same ni a gaban uwata ce. Abin da na faɗa masa gaskiyata ce, ko a bakin wa na aro ta." Muryarta ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi zafi. "Amma da na san ba kowa a gabana a hanyar nan, da ban yi gudu ba. Da na aika masa a asirce na ce ya yi haƙuri, ya fita da mutuncinsa. Da yanzu 'yata na nan tana zubar min da wake. Na faɗa a gaban baffansa ne don na ɗauka haka ake yi, Yaya. Ke kika ce min haka ake yi."

Mabel ta zauna har inuwar katanga ta iso tabarmar, sannan ta ce bari ta kama hanya kafin motoci su yi wuya. Rahmatu ta ce ta gaida gida. Shekara tara ba su taɓa rabuwa ba sai ɗaya ta raka ɗaya har bakin titi, a tsaya a sake sabuwar hira. Mabel ta sa takalmi a hankali, ta gyara mayafi, ta ɗan jinkirta a bakin zaure. Da ta waiwaya, Rahmatu na zaune inda take, faifai a cinya, kanta a sunkuye. Kitson da ke kanta har yanzu na ranar Larabar nan ne, ya tsufa ya yi buzu-buzu, ba ta kuma ce a tsefe ba.